Duna, Jakar Jatau Mai Yashi

Ku matso nan ku zauna. Wannan labarin ba na kwasar dariya a tashi ba ne, idan na gama ku za ku yi shari'a.

A ƙauyen Rafin Gawo an yi wani mai dakon yashi ana ce masa Jatau. Yana da jaka baƙa wuluk, yara suka sa mata suna Duna. Ni dai ban taɓa ganin dabba mai haƙuri irinta ba, har yau idan na tuna ta sai tausayi ya kama ni. Jatau kan ɗora mata mangalar yashi ba akumari, wai sayen akumari shagwaɓa jaki ne. Bayanta ya ƙuje ya zama gyambo, a kan gyambon yake sake ɗora kaya. Idan ta tsaya, ya zuba mata gora. Wanda duk ya yi magana sai ya ce, "Dabbata ce, ina ruwanka?"

Rannan da hantsi, bayan ruwan sama, Duna ta zame cikin ramin da ake haƙar yashi, taɓo ya riƙe ta har wuya. Jatau ya yi ta dukanta, ta kasa tashi, ya ɗauki mangalarsa ya yi gaba.

Nomau masunci ne ya gan ta. Dattijo ne mai ciwon gwiwa, ko ruku'u da ƙyar yake yi, amma ya tuɓe riga ya faɗa cikin taɓon. Ya tallafe kanta a kafaɗarsa don kada hancinta ya nutse, yana kwala ihu, tun hantsi har azahar, kafin masu dawowa daga gona su kawo igiya su fito da ita. Da Nomau ya saki kan nan ko sau ɗaya, da an gama labari.

Aka kai ta gidan Iya Tabawa, tsohuwar da ke karɓar haihuwa a ƙauyen. Kowa ya ce jakar ba za ta kai gobe ba. Tabawa ta kore su. Ta cire tsutsotsin gyambon ɗaya bayan ɗaya da tsinke, ta wanke da ruwan bagaruwa, ta shafa man kaɗanya. Duna ta ƙi cin komai, sai Tabawa ta dama dusa tana ba ta a tafin hannu, tana yi mata faɗa kamar jikarta: "Ci mana, ke 'yar nema!" Wata biyu ana haka, Duna ta miƙe, ta yi ƙiba, fatarta har sheƙi take.

Sai ga Jatau da igiya ya zo karɓar abarsa. A lokacin, abin da ake yi wa mai cutar dabba gargaɗi ne kawai, kuma alƙali ba ya sauraren ƙara sai wanda aka cuta ya kawo da bakinsa. To, ina bakin jaki?

Nan Ilu tela ya shigo. Mutum ne mai naci, idan ya kama magana sai ka gwammace ciwon haƙori. Ya rufe shagonsa ya yi ta sintiri tsakanin fadar hakimi da majalisa yana neman a gyara dokar, ana yi masa dariya, ana kiransa waliyyin jaki. Ranar zaman majalisa, Jatau ya rantse bai taɓa ji mata ciwo ba, ga ta nan lafiya lau. Ilu ya ce a shigo da Duna. Ya nuna wa manya cewa duk inda miki ya warke a jikin baƙar jaka, farin gashi ne ke fitowa. Ya bi bayanta da yatsa yana ƙirgawa, tabo goma sha bakwai. A ranar aka ƙarfafa doka: duk wanda ya ga ana cutar dabba yana iya kai ƙara, mai laifin zai kwana a tsare, kuma a raba shi da dabbar. Jatau ne ya fara ɗanɗanawa.

Alƙali ya ce dabba ba ta zama babu mai ita, sai a miƙa Duna ga mutum ɗaya cikin ukun nan, Nomau ko Tabawa ko Ilu. Babu wanda ke son ta don dako, kowa so yake ya farka ya ji kukanta a ƙofar gidansa. Aka ce a sake ta, wanda ta bi shi ne. Duna ta dubi Nomau, ta shinshini zanen Tabawa, ta goga kai a kafaɗar Ilu, sannan ta koma tsakiyar fili ta kwanta tana birgima abinta.

Ba don Nomau ba da ta nutse, ba don Tabawa ba da gyambo ya kashe ta, ba don Ilu ba da tana can ƙarƙashin gorar Jatau. To, igiyar Duna tana hannunku. Wa za ku miƙa wa?