Ginshiƙin Rumfar Cindo

An yi wani mutum a wani gari can gabas, tun zamanin da rijiya ɗaya ke shayar da gari guda, wanda 'yar ƙara ɗaya ta kayar da shi zaune. Ba tsawa ba ce. Ƙas! Shi ke nan, kamar an fasa ƙwayar gyaɗa. Amma da ya ji ta, sai ya saki ƙarfen da ke hannunsa ya zauna daɓas cikin dusar itace yana salati.

Ku saurara, jama'a. Ku da ke can baya kuna fifita da hula, ku matso. Zafin da zan ba ku labari ya fi wanda kuke ji yanzu.

Wannan bawan Allah sunansa Cindo. Masassaƙi ne, amma ba irin mai gizago kaɗai ba. Shi juya itace yake yi. Sai ya maƙale gungume tsakanin tsinin ƙarfe biyu, ya naɗa masa igiya. Bakin igiyar ɗaya na ɗaure a wata gora mai lanƙwasa a rufin rumfarsa, ɗayan a wani katako da yake takawa. Ya taka, itace ya juya, ya kanga ƙarfe, dusa ta yi ta tashi. Ƙafar gado, taɓarya, akushi, duk haka yake fitar da su sumul kamar ƙwai.

Rumfar nan a tsakar gidansa take, kuma kaf garin babu inuwa irin tata. Zana ninki uku ce a sama, an dasa randa cikin jiƙaƙƙen yashi a gefe, buhuna na rataye ta inda iska ke shigowa, a yayyafa musu ruwa iska ta ratso da sanyi. In bazara ta kama, daga asuba zuwa hantsi yake aiki, sai ya ajiye ƙarfe sai la'asar. Yakan ce, “Ni da rana mun raba gari. Ta ɗauki tsakiya, na ɗauki baki da baki.” Abin da ke riƙe da rumfar duka ginshiƙi ɗaya ne na ƙirya, mai kauri kamar ƙugun ƙato, wanda mahaifinsa ya kafa shekara arba'in da suka wuce.

To, a shekarar nan bazara ta zo da fushi. Ƙadangare ya daina tsallaka hanya. Rijiyar gari mai gaba talatin ta janye, guga ya koma fitowa da laka. Aka kira Anaruwa, gwanin yasar rijiya, ya zo ya shiga ya ƙara mata zurfi. Anaruwa ya duba gungumen da ke bakin rijiyar, wanda igiya ke bi ta kansa yana juyawa in ana zura mutum, ya ga gara ta cinye cikinsa. Ya ce shi da 'ya'ya bakwai, ba zai rataya ransa a wannan ba, sai an yi sabo.

Aikin ya faɗo kan Cindo. Busasshen itace mai wannan kauri babu shi a garin, sai aka saro masa ɗanyen maɗaci. Duk masassaƙi ya san ɗanyen itace da bazara ba sa shiri: baya ya bushe da sauri, ciki na nan da ruwansa, sai ya tsage. Kwana uku Cindo na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu tsakanin aiki da aiki. Rabon ruwan da ake ba gidansa, rabi cikinsu, rabi kan buhu. Ran na huɗu da hantsi, saura shafa ta ƙarshe, an yi alkawari da azahar za a kai, sai ƙas.

Matarsa Ladingo ta leƙo daga madafa. “Malam, lafiya? Kunama ce?”

“Da kunama ce da na gode. Zo ki gani.”

Ta duba ta sake dubawa. “Ni ban ga komai ba.”

Ya ɗora farcensa a kan wani layi siriri kamar gashin jariri.

Suna haka sai ga sallamar Mantau, taubashin Cindo, ɗan ƙanwar babansa, wani jibgegen mutum mai sayar da zuma. Mai unguwa ne ya aiko shi ya ga ko an gama.

“Ina bawan nawa? An ce gari na mutuwa da ƙishirwa kai kana nan kana shan inuwa kamar kyanwar attajiri.”

Da aka nuna masa tsagar, sai ya tuntsire da dariya. “Wannan? Don wannan ka yi zaman makoki? Bari in kawo maka kakin zuma. Ka kwaɓa da dusa, ka cusa, ka goge da man kaɗe. Wallahi ko uwar da ta haifi itacen ba za ta gane ba.”

“Abin da ka gani a waje baki ne kawai,” in ji Cindo. “Cikin ya kai zuciya. Na ji ƙararsa.”

“Kai ka ji. Anaruwa ya ji? Mai unguwa ya ji?”

“Wanda ya yi mini kunnen ya ji.”

Mantau ya daina dariya. “Cindo, bar wasa. Jiya akuyoyi shida suka mutu a unguwarmu. Mata na fita tun asuba ba sa dawowa sai azahar da rabin tulu. In ka ce a saro wani, kwana huɗu ne kuma, shi ma ya tsage. Wataƙila fa wannan ya riƙe.”

Ku ji fa, jama'a. Mantau ba mugu ba ne, kuma maganarsa ba ƙarya ba ce. Shaiɗan ba ya zuwa wa mutumin kirki da ƙaho. Da “wataƙila” yake zuwa.

Cindo ya ce, “Gaba talatin, Mantau. In wataƙilar ta ƙi, wa zai je ya gaya wa matar Anaruwa? Kai?”

Mantau ya kau da kai.

Cindo ya ɗaga kai yana tunani, idonsa ya bi rufin rumfa, ya gangaro, ya tsaya a kan ginshiƙi. Ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙe ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, itacen ya amsa kamar ƙarfe.

Ladingo ta riga kowa ganewa. “Malam, a'a. Na Baba ne.”

“Shekara arba'in yana bushewa. Ranar duniya ta gama abin da za ta yi masa.”

“In ka cire shi rumfa ta faɗi. Damina saura wata biyu. A ina za ka yi aiki? Kuma gorar da ke ja maka igiya a ina za ka ɗaure ta?”

“Gorar kam ban sani ba,” in ji shi.

Ta dube shi, ta dubi ginshiƙin. Ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaure shi tam, ta ci ɗamara. “Ni ce gorar. Ɗauko gatari.”

Allahu akbar! Mata, kuna ji ta bayan labule? Irin matan da aka yi ke nan.

Kafin rana ta take tsaka rumfar da ta fi kowace inuwa a garin tana ƙasa. Suka tone ginshiƙi, suka yanke daidai awo, Cindo ya rage masa ƙusurwa da gizago, suka ciccibe shi suka maƙala. Ladingo ta zauna ta riƙe bakin igiya biyu, ta ja dama, ta ja hagu, gungume ya fara juyawa da ƙyar yana gurnani.

Wanda bai taɓa sa ƙarfe a busasshiyar ƙirya ba, bai san taurin kai ba. Ga rana a tsakiyar ka, ba ko inuwar tsuntsu. Ƙarfe ya yi zafi har sai da Cindo ya naɗe shi da tsumma. Ƙasa ta gasa masa tafin ƙafa, ya tara dusa ya tsaya a kai. Gumi ya yi ta zuba, ya yi ta zuba, can sai ya daina, kuma masu aikin rana sun san daina gumi ba alheri ba ne.

Mantau na raɓe a gindin katanga yana ta mita. “Mahaukaci. Tun muna yara na san da ƙyar za ka yi hankali. Mutum ya rushe gidansa da hannunsa!”

Can ya ga igiya ta fara yin ja a inda Ladingo ke riƙewa. Tafin hannunta ya saɓule, amma ba ta saki ba. Sai ya tashi ya tuɓe riga.

“Tashi, matar bawana. Ba don na yarda da haukan mijinki ba ne, don kada a ce ina zaune mace na ja.”

Da ƙaton nan ya kama igiya, gungume ya ɗauki gudu. Dusa ja ta turnuƙe su.

Azahar ta yi, mai unguwa Barmo da kansa ya zo ƙofar gida da mutane a bayansa, ransa a ɓace. Cindo ya fita yana tangaɗi ya durƙusa.

“Ranka ya daɗe, na farko ya tsage. Ba zan ba da shi ba. A yi mini haƙuri zuwa la'asar.”

Wani daga baya ya ce, “Ya sha inuwa ya yi barci dai!” Mai unguwa ya leƙa ta zaure, ya ga zana a zube, ya ga ramin ginshiƙi. Ya juya ya ce wa mutane, “Mu je masallaci.”

Da Cindo ya koma, ƙarfe ya dakushe, sai an wasa. Ya nemi yawun da zai tofa wa dutsen washi, babu. Ya sunkuya, duniya ta juya masa, ya ga duhu da rana tsaka. Ladingo ta ruga ta kwalfo abin da ya rage a gindin randa, bai cika moɗa ba, ta matse tsamiya a ciki, ta ɗora masa jiƙaƙƙen buhun nan a ka.

“Shanye, Malam.”

Ya kurɓa sau biyu. Ya miƙa wa Mantau ya kurɓa, ya miƙa mata. Ɗan sauran da ya rage ya ɗiga wa dutse.

Ana kiran la'asar ya fitar da kwarin da igiya za ta kwanta. La'asar sakaliya suka iso bakin rijiya, Mantau na ɗauke da sabon a kafaɗa. Tsagaggen maɗacin ma sai da ya sa aka ɗauko, don shi har yanzu bai sauka daga maganarsa ba.

Anaruwa ya shafa ƙiryar, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Ya ce, “Wannan ko raƙumi a zura.”

“Wancan ma da ya ɗauke ka,” in ji Mantau. “Ku ɗora shi a kan gwafa ku gani. Ni na yi biyunka.”

Aka ɗora maɗacin a kan gwafa biyu a fili, aka rataya igiya. Mantau ya kama, ya naɗe ƙafafu, ya yi lilo yana washe baki. “Kun gani? Ina tsa...”

Ɓaras! Gungume ya dare gida biyu tun daga wannan kai har wancan. Mantau ya zube tim, ƙura ta tashi. Yara suka fashe da dariya, manya suka taya su. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Anaruwa ya dubi ɓarin itacen, ya je ya leƙa rijiya, ya daɗe yana kallon duhun da ke ƙasa. Ya dawo ya kama hannun Cindo da hannu biyu.

Washegari da sassafe aka zura shi. Kafin azahar laka ta fara fitowa da sheƙi. Kafin la'asar aka ji muryarsa daga can ƙasa: “Ku ja! Ya ɓalle!” Guɗa ta kaure gari.

Cindo kuwa bai je karɓar godiya ba. Yana gida yana kafa 'yar inuwa da karan dawa, wadda ko kansa da ƙyar take rufewa.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ita ce abin da ka yi da tsagar da kai kaɗai ka sani. Ba malami ba ne mutumin nan, ba mai dukiya ba, hannunsa duk kanta. Amma ni da irinsa nake tinƙaho, da irinsa garuruwanmu suka tsaya. Kai mai gyaran mota da ka ga birki ya ci ka ce “zai kai”, akwai Anaruwa a cikin motar nan. Kai magini da ka rage siminti ka lulluɓe da fenti, akwai 'ya'ya bakwai a ƙarƙashin rufin. Kowannenmu na da kakin zumarsa a aljihu, kuma zafi ne ke sa hannu ya tafi wurinsa: na gaji, rana ta yi, wa zai gani? Zafin rana dai magariba ke kashe shi. Na algus har kabari yake bin mutum.

Kada kuma ku ɗauka wanda ya ci jarrabawa sau ɗaya an sallame shi. Kwana uku bayan haka, rana tsaka, wani baƙo ya durƙusar da raƙumi a ƙofar gidan Cindo, leɓɓansa duk sun farfashe.

“Nan ne gidan mai juya itace? Daga arewa nake, kwana biyu ina tafe. Rijiyarmu gaba arba'in ce, kuma ta janye, gungumen bakinta kuwa ya ruɓe.”

Cindo ya waiwaya a hankali, idonsa ya sauka a kan azarar ƙirya da ke riƙe da ƙofar ɗakin kwanansu. Ladingo ta bi idonsa da kallo. Ta dubi tafin hannunta da bai gama warkewa ba.

Ta ce, “A ba baƙo ruwa tukuna. Sannan a kira Mantau.”