Abin da Ya Hana Wutsiyar Agwagwa Zama Wuri Ɗaya

Dalilin da ya sa agwagwa ba ta iya tsayuwa ko tafiya ba tare da tana kaɗa wutsiya ba, ku matso ku ji shi, don na gaji da jin kuna cewa yanga take yi. Wace yanga ga tsuntsuwar da ke wuni a bakin kwata? Wahala ce ta koya mata.

A da can wutsiyar Agwagwa a kwance take, ba ta motsi sai in iska ta taɓa ta. A lokacin tana zaune a bayan gidan wata tsohuwa mai suna Iya Tasalla, ita da kaji. Kara gare ta har ta yi yawa. Ko kaskon dusarta wani ya sa wa baki, sai ta ja da baya ta ce ai dama ta ƙoshi. Irin waɗanda in ka taka su, su ne za su ba ka haƙuri.

Abu ɗaya ke cin ranta: ba ta taɓa jan 'ya'ya ba. In ta saka ƙwai, ko ruwa ya tafi da su, ko a dafa wa baƙo. Sai wata damina Iya Tasalla ta ce a bar mata. Agwagwa ta tara su a ƙarƙashin rumbu, ta fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa musu, ta hau kwanci. Ta ƙudura a ranta ba abin da zai tashe ta sai ta ji kukan 'ya'yanta.

Ana nan sai gafiya ta zo satar ƙwai. Agwagwa ta baje fikafikai ta hana ta, gafiya ta gantsara mata cizo a ƙarƙashin wutsiya ta gudu. Ciwon bai da girma, don haka ba ta gaya wa kowa ba.

Amma ƙuda ba ya buƙatar a gaya masa. Da hantsi sai ga matar Ƙuda, irin koren nan mai sheƙi, ta sauka a ƙafar rumbu tana murza hannuwa.

“Salamu alaikum, Yaya. Sannu da kwanci.”

“Yawwa, sannu. Ƙaraso mana.”

“Alfarma ce ta kawo ni,” in ji matar Ƙuda. “Kin gan ni, ba ɗaki, ba gashin kirki, ga damina. Ƙwaina nake so ki riƙe mini. Ke da kike kwance dama, ba za su ƙara miki nauyi ba. Ko ƙwayar gero ta fi su girma.”

“To ajiye su nan cikin nawa.”

“A'a, Yaya, waɗannan manyan naki sai su murƙushe su. Ga wani wuri mai ɗumi nan ƙarƙashin wutsiyarki, can ya fi.”

Ku da kuke yara ba ku san nauyin riƙo ba. In mutum ya taka ƙafa ya kawo maka ɗansa, mutunci ya yi maka, ba a cewa a'a. In kuma ka karɓa, ba ka kai ƙarar yaron, ba ka yi masa gori, ko ɓarna ya yi sai dai ka haɗiye. A haka Agwagwa ta tashi ta ga ana yi. Sai ta ɗaga wutsiya, matar Ƙuda ta jera ƙwanta a bakin ciwon nan, ta yi godiya ta tashi fir.

Ƙwan ƙuda ba ya jiran kowa. Washegari sun ƙyanƙyashe, 'yan tsutsotsi farare, ba ido sai baki. Suka duba ba dusa ba tsaki, sai ciwo. Suka fara ci.

Da farko ƙaiƙayi ne. Agwagwa ta ce yara ne, wasa suke. Sannan ya koma zugi, sannan ya zama wani abu da ba ta da sunansa. Gashin wurin ya jiƙe ya cure, wari ya fara tashi. Ta daina cin dusa. Idonta ya faɗa, wuyanta ya langaɓe, amma tana nan kan ƙwai.

Akwai wata tsohuwar kaza a gidan, ana ce mata Wake-wake saboda zanen gashinta. Ta ja 'ya'ya har ta manta yawansu, kuma ba ta iya ɓoye magana ba. Ta zo tono kusa da rumbu, ta tsaya cak.

“Ke 'yar nan, wane wari ne wannan?”

“Damina ce, Inna.”

“Daminar a ƙarƙashinki kaɗai ta sauka? Ɗaga mu gani.”

Agwagwa ta ɗan ɗaga. Wake-wake ta leƙa, ta ja da baya tana salati.

“'Ya'yan riƙo ne,” in ji Agwagwa, murya ƙasa-ƙasa. “Na matar Ƙuda.”

“Tashi maza ki faɗa kududdufi ki wanke su!”

“In na tashi ƙwaina su huce, Inna. Kuma in na nutsar da 'ya'yan mutane, da wane ido zan dubi uwarsu? A ce an ba ni amana na ci?”

“Ni dai riƙon da na sani, yaro abincin gida yake ci. Ban taɓa ganin wanda ke cin naman matar gidan ba.”

Agwagwa ta sunkuyar da kai, ba ta motsa ba. Wake-wake ta ga magana ba za ta yi ba, sai ta tafi ƙofar ɗakin Iya Tasalla ta dinga kyarkyara, ta yi gaba ta dawo, har tsohuwar ta ajiye tankaɗe ta biyo ta.

Iya Tasalla ta zura hannu ta jawo Agwagwa, ta juya ta, ta ga abin da ke wurin. Ba ta yi ihu ba, ta dai ce, “Ashe ke wawiya ce.”

“Iya, ƙwaina,” in ji Agwagwa.

“Ki rayu tukuna.”

Ta ɗora ruwa ya yi ɗumi, ta zuba gishiri, ta zaunar da Agwagwa a kwatarniya. Tsutsotsin sama suka taso suna mutsu-mutsu. Ta fige gashin da ke kewaye da ciwon don ta ga iyakarsa, ta ɗauki tsinke ta dinga tsince su ɗaya bayan ɗaya tana yarwa. Kaji suka taru, ko ɗaya bai kai ƙasa da rai ba. Waɗanda suka shige can ciki ta ɗiga musu man gyaɗa, da numfashi ya gagare su suka leƙo, ta cafke. Sannan ta barbaɗa garin taba, ta shafe bakin ciwon da man kaɗanya. Ta kife Agwagwa da kwando a cikin ɗakinta, ta rufa tsohon zane, don kada wani ƙuda ya samu hanya. Safe da yamma sai ta sake dubawa, domin tsutsa ba ta ƙarewa a wanki ɗaya.

Ƙwai kuwa ba sa jiran mara lafiya. Iya Tasalla ta kwashe su ta sa wa Wake-wake, ta ce ta ƙarasa.

Agwagwa ta warke. Ranar da aka ɗaga kwando ta fito tana tangaɗi, ta nufi rumbu kai tsaye. Ba ta kai ba ta hango su a gindin turmi, 'yan rawaya, suna bin Wake-wake suna tsattsagar tsaki. Nata ne, bakin kaɗai ya isa shaida. Ta buɗe fikafikai ta kira su. Suka dube ta, suka ruga ƙarƙashin kaza.

“Ku je mana, uwarku ce,” in ji Wake-wake.

Ƙaramin ya leƙo ya ce, “Inna, wannan mai warin tabar?”

Agwagwa ta naɗe fikafikanta a hankali. Cizon gafiya da cin tsutsa duk ba su yi mata zafin wannan maganar ba. Ta koma bakin kwata ta tsaya, ta yi kuka mai isarta.

Tana tsaye sai ga matar Ƙuda.

“Yaya, an miƙe? Barka. Na zo ganin yara.”

“Suna cikin kaji.”

“A cikin kaji suke wasa?”

“A cikin cikinsu,” in ji Agwagwa.

Matar Ƙuda ta ɗora hannu a ka. “Na ba ki amana kin ci! Haka ake riƙo a gidanku?”

“Kin san abin da za su ci tun ranar da kika zaɓi wurin.”

“Na sani ko ban sani ba, ai ke kika ce to. Wallahi ba mu rabu ba. Duk ranar da wutsiyar nan ta kwanta, sai na zuba wasu.”

Ta zagayo ta baya za ta sauka. Agwagwa ta kaɗa wutsiya dama da hagu, abin da ba ta taɓa yi ba. Matar Ƙuda ta zame, ta sake gwadawa, ta sake zamewa. Agwagwa ta juyo ta kai mata cafka, da ƙyar ta sha.

Shi ya sa har wa yau agwagwa ba ta yarda wutsiyarta ta zauna. Ta fito daga ruwa ta kaɗa, ta ci dusa ta kaɗa, ko ganye ne ya taɓa ta sai ta kaɗa. Ƙuda kuwa bai fasa zagaye ba, yana nan yana jira. Saboda haka in kun ga agwagwar gidanku ta lafe a lungu, wutsiya ba motsi, kada ku ce hutawa take. Ku ɗauke ta ku juya ku duba, don ita har gobe ba za ta faɗa ba.