Tsagar da Ke Ƙarƙashin Tawada

Mahaifina, Illa wanzami, ya rasu ranar Talatar da ta wuce. Zabirarsa tana rataye a zaure da askarsa a ciki, babu mai ɗauka, don ni ban gaji sana'ar ba. Abin da na gada labari ne guda, wanda yake ba mu a kan kakansa. Ban iya faɗa kamar shi ba, amma ga shi.

Akwai wani wanzami a Birni, cikin Damagaram, ana ce masa Baba Gana, shi ne kakan mahaifina. Rabin 'yan unguwa shi ya yi musu tsagar gado ranar suna. Abin alfaharinsa ɗaya ne: wai tun da ya fara riƙe aska, hannunsa bai taɓa gocewa ba.

Nasara sun yi shekara ashirin da 'yan kai da kama ƙasar, sai wani baƙo ya shigo gari. Fuskarsa, wuyansa, hannayensa, duk shuɗiyar tawada ce. Ga zanen maciji, ga jirgin ruwa, ga zaki. Mata suka riƙa rufe ƙofa. Ya ce shi ne Suma'ila, ɗan Ya Fanta.

Lallai Ya Fanta ta rasa ɗa mai wannan suna. Yana saurayi aka kama shi a hanyar ayari, tun kafin zuwan Nasara. Baƙon ya ce Tarabulus aka kai shi, daga can wani mai wasan tanti, irin masu nuna abin mamaki a biya a kalla, ya wuce da shi Faransa. Wani mai jarfa ya yi shekara biyu yana huda masa fata da allura, har babu sauran fili. Sai a tsayar da shi babu riga, mutane su yi layi suna kallo, ana ce musu sarkin daji ne.

A lokacin Ya Fanta ta makance. Lawan, ɗan wan mijinta, shi ke riƙe da gidan. Ya tare ƙofa.

"Namu ya mutu, har sadaka mun yi," in ji Lawan. "Ba zan kai wa tsohuwa dodo ba. Ina tsagar gidanmu a fuskarka?"

"Tana nan, Yaya. Tawada ce ta hau kanta."

"Yaya? Ka ga na yi kama da yayan allon Nasara?"

Jama'a suka yi dariya. Mai unguwa ya ba baƙon kwana uku: ya kawo shaida, ko ya bar unguwar ba tare da ya ga tsohuwar ba.

Washegari Baba Gana ya gan shi zaune gindin ganuwa, ko ruwa babu mai miƙa masa. Ya ce, "Taso in yi maka aski, ɗana. Ko wane ne kai, sumar nan ta yi yawa."

Yana jiƙa masa kai, babban yatsansa ya bi ta gefen fuska. Tawada lafewa take yi a fata, amma tabon aska yana da tudu. Ya ƙirga na hagu: ɗaya, biyu, uku. Ta ukun ta rabu biyu a ƙarshenta.

Mahaifina ya ce nan take Baba Gana ya gane aikin hannunsa. Ya tuna ranar sunan Suma'ila. Jinjirin ya yi atishawa, aska ta goce, shi kuwa ya yi maza ya shafa baƙin tukunya, bai gaya wa kowa ba. Shekara kusan arba'in yana cika baki a kan ƙarya. In ya yi magana, sunansa ya zube. In ya yi shiru, uwa za ta mutu ba ta taɓa ɗanta ba.

Ranar ta uku da hantsi ya riƙo hannun baƙon har ƙofar gidan.

Lawan ya ce, "Baba Gana, an ce wanzami ba ya son jarfa, kai kuma ka kwaso ta gaba ɗaya!"

"Yi dariyarka, Lawan, yau ni ma abin dariya ne. Jama'a, na yi muku ƙarya. Hannuna ya taɓa gocewa, kuma a fuskar wannan ya goce."

Ya faɗi yadda aka yi. Lawan ya ce tsufa ne ya taɓa shi.

"To kada a ɗauki maganata," in ji Baba Gana. "A tambayi uwar tun ba ta taɓa shi ba."

Mai unguwa ya ɗaga murya ta zaure: "Ya Fanta, akwai wata alama a tsagar ɗanki?"

Muryarta ta fito daga ciki. "Ta uku a hagu ta rabu biyu. Kullum ina ba shi nono yatsana yana wurin. Na yi shiru ne don kada in kunyata wanzami."

Aka fito da ita. Suma'ila ya durƙusa. Ta bi fuskarsa da yatsa, ba ta san da maciji ko zaki ba. Da ta kai wurin sai ta tsaya.

"Suma'ila, ka ci abinci kuwa?"

Guɗa ta tashi daga gida zuwa gida. Lawan ya matsa daga ƙofa, kansa a ƙasa, Suma'ila ne kuma ya fara miƙa masa hannu. Ya zauna da uwarsa shekara huɗu, shi ya sa ta a kabari da hannunsa. Baba Gana kuwa gidajen suna suka ƙara nemansa. In an yabe shi sai ya ce, "Sau ɗaya hannuna ya goce, kuma duk aikina babu wanda ya kai shi amfani."

Darasi: Kada ka kori mutum don abin da duniya ta zana masa a fata. Kuma in gaskiyarka za ta ceci wani, faɗe ta ko da girmanka zai taɓu. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.

Ku taya ni addu'a: Allah ya jiƙan mahaifina Illa, da Baba Gana, da Ya Fanta da ɗanta. Allah ya mayar da duk wanda ya ɓace wa uwarsa gida tana da rai. Ku ce amin.