Ƙyalle Na Goma Sha Bakwai

Akwai wata mata a ƙauyenmu, can kan duwatsun Puebla, sunanta Crescencia, amma kowa Chencha yake ce mata. Wajen surfani kam, Allah ya ba ta hannu. In ta yi wa riga tsuntsu, sai ka ji kamar ka kore shi ya tashi. Sau biyu tana cinye gasar ɗinki ta bikin gari, kuma tun daga nan kanta ya kumbura, ko gaisuwa sai ta ga dama take amsawa.

Mahaifiyarta, Doña Eduviges, ita ta koya mata riƙon allura. Tsohuwar tana da akwatin katako cike da ƙyallayen gwaji guda ashirin da uku. Duk ɗinkin da ta koya a rayuwarta, sai ta fara gwada shi a ƙyalle kafin ta kai shi jikin riga, kuma kowane ƙyalle ta ɗinka masa lambarsa a gefe da baƙin zare.

Inda ta yi kuskure ba ta warwarewa, sai dai ta zagaye wurin da jan zare ta bar shi. In ɗinkin mai wuya ne, sai ta jera shi mataki-mataki. Layin farko ta tsaya a hanya, na biyu ta ƙara gaba kaɗan, har ta kai ƙarshe. Shi ya sa rabin ƙyallayen ba su da kyan gani, zare yana reto, layuka a karkace, ga tabon kofi nan da can.

"Mamá, wai me za ki yi da wannan tarkacen?" in ji Chencha wata rana. "Ni abin da na gani sau ɗaya ya zauna a kaina."

"Kan mutum yoyo yake yi, 'yata," in ji tsohuwar. "Zauna ki kwafa tun ina da ido."

Chencha ta yi tsaki ta fita. Mai zaman kwafar ita ce Basilisa, matar ƙanin Chencha, wadda hannunta yake da nauyi, layi ɗaya sai ya ci mata wuni.

"Basi, shekara nawa kina gwaji?" Chencha takan tsokane ta. "Sai kin yi furfura za ki fara rigar gaske?"

"Bar ni da rarrafena, comadre, 'yar'uwata," Basilisa takan ce tana dariya. "Ni dai in isa."

Kamar sauran tsofaffin garin, Doña Eduviges ta fara ɗinka rigar da za a binne ta da ita tun tana da ƙarfinta. Ƙirjin rigar ta yi shi da wani ɗinki da ake yi a kan tattara, wanda ta koya wajen kakarta, kuma ban da ita babu wanda ya iya shi a ƙauyen. Ta gama ɓarin dama, jerin tsuntsaye takwas. Tana shirin fara na hagu, wata safiya tana zuba wa talotalo masara, sai ta faɗi.

Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Chencha ta ɗauke ta zuwa gidanta. Abu ɗaya tak tsohuwar ta roƙa, da ƙyar kalmomin suka fito.

"Riga... ki ƙarasa."

"Aikin kwana biyu ne, Mamá," in ji Chencha. "Bari in sallami mutanen birni tukuna, suna jiran jakunkuna."

Da damina ta sauka, rufin gidan tsohuwar ya fara zuba, sai Chencha ta je kwaso kaya. Ta buɗe akwatin ƙyallayen, ta sa almakashi. Duk inda ɗinki ya kammala ya yi kyau ta yanke, don ta manna shi da gam a jikin jakunkunan da take sayar wa masu yawon buɗe ido. Layukan da aka bari a hanya da masu da'irar jan zare kuwa, ta tura su murhu, ƙarƙashin kaskon gasa tortilla, wainar masararmu.

Ƙaurin ne ya jawo Basilisa.

"Chencha! Ƙyallayen Mamá kike ƙonawa?"

"Kurakurai nake ƙonawa. Masu kyan na cire su. So kike baƙi su ga wannan shirmen su ce haka uwata take ɗinki?"

Basilisa ta kai hannu cikin wutar, amma babu abin da ta fito da shi sai ƙuna a yatsu. Ta koma gida tana kuka. Ba ta gaya wa tsohuwar ba, don tana tsoron labarin ya ƙarasa ta.

Kwana biyun nan na Chencha ya zama wata biyar. Sai ranar da suka kai tsohuwar asibiti, likita ya ja Chencha gefe ya ce su koma da ita gida, sauran kwanakinta ba su da yawa, sannan ta ɗauko rigar daga inda ta cusa ta.

Ta zauna a bakin ƙofa da hantsi, ta zura zare. Da yake ita ta fi ƙarfin gwaji, kai tsaye ta soka allura a jikin rigar. Tattarar ta ƙi zama. Ta zare, ta sake sokawa. Ta juya bayan rigar don ta ga hanyar da zaren uwarta ya bi, ta tarar bayan fes yake, domin a wannan ɗinkin zare yana tafiya ne a cikin tattarar, ba ya leƙowa ta baya. Kafin rana ta karkata, ɓarin hagu ya cika da hudojin allura, ko fiffike ɗaya bai fito ba.

Ta shiga ɗaki ta durƙusa a bakin gado.

"Mamá, tuna mini yadda ake ɗaukar tattarar nan."

Tsohuwar ta yi ƙoƙarin ɗaga hannun dama, ya ƙi. Ta daɗe tana kokawa da harshenta.

"Sha... bakwai."

Nan take Chencha ta tuna shi. Ƙyalle na goma sha bakwai shi ne mafi muni a akwatin, gaba ɗayansa layuka ne da aka bari a hanya. Ba ta samu ko ɗan wuri mai kyau da za ta yanka ba, sai ta jefa shi wuta ɗungurungum.

"To, Mamá, zan duba," in ji ta, ta fita.

A nan ne ya kamata ta tsaya. Amma mai girman kai in ya faɗa rami, ƙara haƙa yake yi. Ta ce bari ta warware ɗan kaɗan daga aikin uwarta na ɓarin dama, ta ga yadda zaren ya shiga. Ta sa bakin almakashi ta datse zare ɗaya. Ashe shi ne yake riƙe da layin gaba ɗaya. Tattarar ta saki, tsuntsaye huɗu suka watse a hannunta tana kallo.

Ta rungume rigar ta nufi gidan Basilisa, kanta a ƙasa. Basilisa ba ta ce mata komai na gori ba. Ta shiga ta fito da nata ƙyallen.

"Mataki biyar ne a na goma sha bakwai," in ji ta. "Uku na kwafa. Na ce in an gama tsinkar kofi zan yi sauran biyun."

Kwana biyu suka yi a tsakar gida suna fama. Matakai ukun suna kama tattarar, amma yadda ake fito da siffar tsuntsu da yadda ake kulle zaren suna cikin biyun da suka ƙone. Chencha ta zaga gidajen tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta ce wannan ɗinkin Eduviges ce kawai ta iya.

A rana ta uku tsohuwar ta yi nuni a kawo mata rigarta. Babu yadda Chencha ta iya, ta shimfiɗa mata ita a ƙirji. Doña Eduviges ta sa hannun hagu tana shafawa a hankali. Ta ji ɓarin hagu wayam, sai hudoji. Ta koma na dama, inda ta tabbata aikinta yana nan, yatsunta suka faɗa gurbin tsuntsayen da suka watse. Hannun ya tsaya.

"Akwati..." in ji ta.

Chencha ta zube a ƙasa. "Na ƙona su, Mamá. Ki yafe mini, na ƙona su."

Tsohuwar ba ta zage ta ba, ba ta yi kuka ba. Ta riƙe rigar, ta juya fuskarta bango. Daga ranar ko ruwa ba ta ƙara karɓa daga hannun Chencha ba, sai in Basilisa ce ta miƙa. Ranar Alhamis da safe tsohuwar ta cika.

Da mata suka zo shirya gawa, sai suka sa mata rigar, tun da ita ta zaɓa. Suka naɗe hannayenta a ƙirji, amma hannu biyu ba su isa rufe ɓarnar ba, sai suka lulluɓe wurin da furanni.

A coci aka bar akwatin gawar a buɗe, mata suka yi layi suna wucewa, dukansu masu riƙe allura, dukansu sun san ba a tara wa gawa furanni a ƙirji haka kawai. Wata ƙawar marigayiyar tun ƙuruciya, Doña Leocadia, ta tsaya ta ɗaga furannin da yatsa ɗaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da su yadda suke, ta ɗago ta dubi Chencha.

"Uwarki ta ɗinka wa rabin garin nan rigunan aure," in ji ta a hankali. "Dubi abin da za ta tafi da shi."

Aka rufe akwatin, aka ɗauke ta da rigar a haka.

Darasi: Kada gwaninta ta sa ka raina hanyar da aka bi aka koya maka. Kuskuren da magabata suka adana, da aikin da suka bari a hanya, sau da yawa a nan ilimin yake. Ka rubuta, ka kwafa, ka tambaya tun mai sanin yana iya amsa maka, kuma in iyayenka sun roƙe ka abu, kada ka ce sai gobe. Tura wannan labarin ga wanda yake da tsoho a gida, ko ya zauna kusa da shi yau.