Hannun Dala Miliyan Ɗari Biyu

An yi wani mutum a ƙungiyar ƙwallon besbol da nake yi wa aiki, wanda wata safiya a ƙarshen Agusta na ga ya miƙa hannun hagu ya ɗauki butar kofi. Ba bahago ba ne. Da dama yake cin abinci, da dama yake sa wa 'yan kallo hannu a huluna, da dama kuma yake jifan da ake biyansa albashi dominsa. Butar ko rabi ba ta kai ba. Na gani, na ɗauki nawa kofin na wuce.

Ya 'yan uwa, labarin wannan mutum nake so in ba ku. Sunansa Dorsey. Sunan gidansu zan bari, domin yana raye, yana kuma da 'ya'ya.

Ɗan manomin masara ne daga Nebraska. Mai jifa ne, wato mai wurga wa masu bugu ƙwallo, kuma a garinmu ba a taɓa ganin kamarsa ba. Ba ya shaye-shaye, ba ya neman mata, ba ya makara. In ya hau tudun jifa, masu sayar da gyaɗa ma tsayawa suke yi su kalla.

A wannan wasa ɗan wasa ba ya zaɓar ubangida sai ya cika shekara shida a babbar gasa. Ranar da ya cika su ya zama ɗan kansa, kowace ƙungiya tana iya taya shi, wadda ta fi tsoka ta ɗauka. Dorsey saura masa wata guda.

Kasuwa kuwa ta riga ta haukace. Hunturun da ya gabata an ba wani da bai kama ƙafarsa ba dala miliyan ɗari da hamsin. Masu ƙungiyoyi suna kukan tsada a gaban 'yan jarida, su koma ofis su ƙara tayi, kowa yana tsoron kada maƙwabcinsa ya riga shi. A ɗakin canza kaya an daina zancen wa ya ci, wa ya faɗi. Zancen kawai wa ya samu nawa.

Mai cafe masa ƙwallo wani dattijon ɗan wasa ne, Efraín, mutumin Dominika. Shekararsa talatin da shida, gwiwoyinsa har ƙara suke yi in zai tsuguna. Shi ke nuna wa mai jifa irin jifan da zai yi da yatsunsa. In mai jifa bai yarda ba, sai ya girgiza kai, a sake masa wata. Yatsa biyu na nufin mai lanƙwasa, jifan da ya yi wa Dorsey suna, kuma jifan da ya fi murɗa gwiwar hannu.

Wata Lahadi bayan an tashi wasan rana, Efraín ya tare Dorsey a kan hanyar ɗakin wanka.

"Baƙauye, sau tara yau na nemi mai lanƙwasa, sau tara ka girgiza mini kai. Ɓatawa kuka yi da ita?"

"Ba na bukatarta, Tsoho. Ka ga masu bugu sun taɓa ƙwallona?"

"Ni ba ɗan jarida ba ne. Shekara biyar tafin hannuna yana shan jifanka. Da sai na jiƙa shi a ƙanƙara. Yanzu matata ta fi ka zafi in ta wurgo mini makullin mota."

Dorsey ya yi dariya, dariyar ta tsaya. Ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya. Tun watan Yuli gwiwar hannun ke masa zugi, kuma da safe yatsunsa biyu na ƙarshe sukan yi sanyi kamar ba nasa ba.

Efraín ya ce ya je wurin likitan ƙungiya yau ɗin nan. Ya ce ya ga irin wannan ya fi sau goma: a yi aiki, a huta shekara da rabi, mutum ya dawo ya ci gaba da jifa. Dorsey ya ce in ya buɗe baki magana ta shiga takarda, takardar kuwa duk mai tayi sai ya karanta. Maimakon miliyan ɗari biyu, sai dai a ba shi ashirin na shekara biyu.

"Miliyan ashirin," in ji Efraín. "Allah sarki, talaka. Sai mu haɗa maka taimako."

Da ya ga bai yi dariya ba, ya ce masa magana ɗaya. Ba zai kai ƙararsa ba. Amma duk wanda ya tambaye shi, ba zai yi masa ƙarya ba.

To, wa ya tambaye shi? Wa ke neman shawarar tsohon mai cafe ƙwallo a cinikin miliyoyi?

Dorsey yana da dillali, Lyle, mutum mai taushin murya da tsadar takalmi. Dorsey ya so ya faɗa masa a waya. Kafin ya kai ƙarshen jimla Lyle ya katse shi. "Ɗan'uwa, kada ka gaya mini abin da ban tambaye ka ba. Abin da ban ji ba, ban ɓoye ba." Ya ba shi lambar wani likita a wata jiha, wanda ba ya yawan tambaya, ba ya kuma yawan rubutu.

Da allurar wannan likita Dorsey ya ƙarasa Satumba. Allura ba ta gyara komai, ciwon kawai take sa wa barci. Wasa biyar ya yi, ya ci huɗu. Kowane jifa yana ƙara yage abin da ya fara yagewa, shi kuma ba ya ji.

Da kasuwa ta buɗe Lyle ya buga littafi mai bangon fata, shafi saba'in, ba komai ciki sai lissafin bajintar Dorsey. Wata ƙungiya ta tambayi me ya sa ya rage mai lanƙwasa. Lyle ya ce wayo ne, yana adana ta ne saboda manyan wasanni. Suka karɓa. Ina ganin sun karɓa ne domin sun so su karɓa. A ofishinmu ni nake ƙirga kowane jifa, na kuma san suna da masu ƙirga irina har goma. Amma mai ƙungiyarsu ya riga ya yi wa 'yan kallo alkawari, ga kuma wasu huɗu suna tayi.

Wata ƙungiya ta babban birni a gabas ta yi nasara: shekara bakwai, dala miliyan ɗari biyu da goma, da sharaɗin likitansu ya duba shi.

Aka sa hannun a na'ura. Hoton ya nuna 'yar zaizaya, irin wadda ake gani a hannun duk wanda ya daɗe yana jifa. Hoto ba ya nuna zugi. Saboda haka likitan ya ajiye hoton, ya dube shi, ya yi masa tambayar da ake yi wa kowa: yana jin ciwo a wani wuri?

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan kaɗan. Babu wanda ya tilasta shi. Ba yunwa yake ji ba, ba a kuma bin sa bashi. Ko a lokacin, albashinsa na shekara ɗaya ya fi abin da mahaifinsa ya samu a gona tsawon rayuwarsa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da gaskiya.

Ya ce a'a.

Washegari aka saka masa sabuwar riga a gaban kyamarori. Ya gode wa Allah, ya gode wa matarsa Corinne, ya ce bai taɓa jin ƙarfi kamar yanzu ba.

A wasansa na huɗu, cikin Afrilu, rana tsaka, mutum dubu arba'in suna kallo. Sabon mai cafe masa ƙwallo bai san komai ba, ya nuna yatsa biyu. Dorsey ya girgiza kai. Ya sake nunawa, ya sake girgizawa. Koci ya fito daga rumfa ya tako har tudu, ya ce masa saboda wannan jifan aka saye shi, ba don girgiza kai ba.

Dorsey ya jefa. Ƙwallon ta faɗi ƙasa tun kafin ta kai rabin hanya. Bai yi ihu ba. Ya tsaya kawai, hannun yana lilo a gefensa.

Da aka buɗe gwiwar aka tarar ba jijiyar da ke riƙe ƙashi kaɗai ta tsinke ba. Jijiyar da ke kai ji zuwa yatsu ma ta daɗe tana cuɗewa. Likitan da ya yi aikin ya ce da tun bara aka kawo masa hannun, da ƙaramin aiki ne. Aka yi masa aiki sau biyu. Yatsun nan biyu ba su sake farkawa ba.

Kuna tsammani a nan zan ce ya talauce? Bai talauce ba. Kwantiragin wannan wasa ba ya tsinkewa don mutum ya ji rauni. Ƙungiyar ta yi zargi, lauyoyinta sun yi bincike, amma babu takarda, babu shaida. Kuɗin ya ci gaba da shiga masa har kobon ƙarshe.

Sai dai da sharaɗi guda. In shi da bakinsa ya ce ya ajiye wasa, ya yafe sauran. In yana son kuɗin, dole ya zama ɗan wasan da ke ƙoƙarin dawowa.

Saboda haka kowace safiya ya tuƙo mota zuwa filin wasa. Ya sa riga mai lambarsa. A ɗaura masa robar motsa hannu ya ja, a ba shi ƙwallo ya jefa cikin raga, jifan da shi da mai kula da shi duk sun san ba ya zuwa ko'ina. A tambaye shi yaya hannu, ya ce da sauƙi, an kusa. Ƙaryar da ya yi sau ɗaya a ɗakin likita ta zama aikinsa na kullum, shekara da shekaru.

'Yan kallo suka ɗora masa duk rashin nasara. Ƙungiyar ta sallami 'yan wasa biyu da ake so, ta ce babu kuɗin riƙe su, kowa kuma ya san inda kuɗin yake. A rediyo sunansa ya zama ma'auni. In aka yi mugun ciniki sai a ce rabin Dorsey ne, ko Dorsey guda da kwata. 'Yarsa ta dawo daga makaranta ta tambayi uwarta ko gaskiya ne babanta ɓarawo ne.

Corinne ta roƙe shi ya bar musu sauran. Ta ce abin da suke da shi ya ishi jikokin jikokinsu, su koma Nebraska inda ake amsa musu gaisuwa. Ya ce saura miliyan casa'in, wane mahaukaci ne zai bar miliyan casa'in a kan tebur? Ta jira shekara guda. Daga nan ta kwashi yaran ta koma gida. Ya zauna shi kaɗai a gida mai ɗaki goma sha ɗaya.

Ya 'yan uwa, malamanmu sun daɗe suna faɗa mana cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma albarkar ciniki tana tafiya ne tare da gaskiyar mai sayarwa. Mukan ɗauka zancen 'yan kasuwa ne, masu jiƙa hatsi da masu fentin tsohuwar mota. Amma kowannenmu yana da abin da yake sayarwa: ƙarfinsa, iliminsa, lafiyarsa, takardarsa. Kuma kowannenmu wata rana za a ajiye hoto a dube shi a yi masa tambaya. Kada wani ya ce ai masu sayen ma makwaɗaita ne. Haka ne, kuma nasu hisabin yana jiransu. Kwaɗayin mai saye bai taɓa halatta ƙaryar mai sayarwa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan labari shi ne ba a ƙwace masa komai ba. An ba shi duk abin da ya nema, cif, sai aka bar shi da shi.

Ganina da shi na ƙarshe a shekara ta biyar ne, ranar da ƙungiyarmu ta je wasa birninsu. Efraín ya riga ya zama koci a wurinmu. Da hantsi ya hango Dorsey a gefen fili yana naɗe robarsa, ya yafito shi. Dorsey ya tako a hankali. Ya yi ƙiba, gashinsa ya fara fari.

"Baƙauye, ka ga yadda birni ya mai da kai? Zo mu ci shinkafa da wake, ni zan biya. Na san ba ka da canji."

Dorsey ya yi murmushi, har ya buɗe baki zai amsa. Sai ga wani mai jifanmu, Colt, wanda shi ma a bana zai cika shekara shida. Ya taho da gudu ya kama hannun Dorsey yana girgizawa, fuskarsa cike da sha'awa.

"Yallaɓai, kai ne gwanina, wallahi. Miliyan talatin a shekara, ko gumi ba ka yi. Duk ka fi mu wayo. Don Allah ba ni lambar dillalinka."

Ba zolaya yake yi ba. Har ya ciro waya.

Dorsey ya dube shi. Ya dubi Efraín. Ya zare hannunsa a hankali, ya rataya robarsa a kafaɗa, ya juya ya bi ta ƙaramar ƙofar ma'aikata.

Allah ya tsare mu da samun da ba shi da albarka, ya ba mu ikon faɗin gaskiya ranar da take da tsada. Allah ya kiyaye mu.