Ranar da Gwaggo Lantana Ta Je Sayar da Injin da Ba Ta Saya Ba

An ce wai an yi wata tsohuwar malamar makaranta a birnin Katsina, ana kiranta Gwaggo Lantana, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana tanadin zuwa aikin Hajji. Ranar da sunanta ya fito, guɗar da ta rangaɗa sai da maƙwabta suka zaci aure aka ɗaura. Amma ba a yi mako ba likita ya duba gwiwoyinta da numfashinta, ya ce, "Gwaggo, saura wata uku ku tashi. In ba ki riƙa tafiyar rabin awa kullum ba, a keke za a tura ki ɗawafi."

Keke! Ita Lantana da ta yi shekara talatin a tsaye gaban allo? Ta ce in Allah ya yarda, da ƙafafunta za ta kewaya Ka'aba, da su kuma za ta yi Safa da Marwa.

Washegari ta yafa mayafi ta fita tattaki. To amma kun san unguwa. Ƙofar farko aka tare ta: ina gajiya, ina iyali, ya jikin? Ta biyu aka ce, "Lafiya da ƙafa haka, Gwaggo, ko rasuwa aka yi?" A ta uku aka ja ta ciki aka dama mata fura. Ta dawo bayan awa biyu, gida biyar kacal ta wuce, ga ciki fam da fura da dambu.

'Ya'yanta biyu, Lurwanu da Hambali, suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan suka haɗa abin da ke hannunsu don su saya mata injin tafiya, irin wanda mutum ke takawa a ɗaki bel na gudana ƙarƙashin ƙafarsa. Kuɗin na inji ɗaya ne tak, in ya lalace babu na biyu. Nan fa rigima ta tashi. Lurwanu ya gano wani mai tambarin barewa a shagon Na'Allah, yana walƙiya, da allo mai magana, har an yi masa ragi. Hambali kuwa ya nace wa wani mai tambarin raƙumi a shagon Ɗan'azumi, baƙi, mummuna, maɓallansa uku rak, kuma farashinsu kusan ɗaya. Aka kwana biyar ana ja-in-ja, Gwaggo tana kallon kwanakinta suna zurarewa, ranta na suya.

Rana ta shida ta kwashe su zuwa zauren yayanta, Alƙali Sambo, wanda ya ajiye aiki amma har yanzu mutane ke kai masa abin da ya gagare su. Ya saurari kowa har ya kai aya, ya shafa gemu, ya ce:

"Lurwanu, duk abin da ka faɗa kan Mai Barewa daga bakin mai sayar da shi ka ji. Hambali, kai ma haka. Na shekara arba'in a kan kujerar shari'a, ban taɓa yanke hukunci da shaidar wanda zai ci riba da hukuncin ba. Lantana, gobe da hantsi ki shirya, za mu kasuwa mu sayar da injinki."

"Yaya, wane injin? Ai ban saya ba!"

"Bayan wata uku in kin tashi, zai zauna ya yi miki gadin ɗaki ne? Tun yanzu za mu nemi mai saye. Ku kuma ku biyo mu daga nesa, don masu shagon sun san fuskokinku."

Gwaggo ba ta gane ba, amma wani zumuɗi ya kama ta, tun kafin hantsi ya dubi ludayi tana ƙofar zaure.

Suka fara da Na'Allah. Bayan gaisuwa Alƙali ya ce, "Malam, in na kawo maka Mai Barewa da dattijuwa ta hau wata uku kawai, nawa za ka saya?"

Fara'ar Na'Allah ta ɗauke nan take. "Kai, Baba, rufa mini asiri! Mai Barewa na hannu? Wutar garin nan ta yi sama ta yi ƙasa sau biyu, allon ya ƙone, shi ke nan ya zama abin shanya. Kayan gyaransa kuwa ko Kano ka je ba ka samu. Ga uku can a baya an dawo mini da su. Ko kyauta ba na so."

Gwaggo ta danne baki da mayafi don kada salati ya kuɓuce mata. Wannan fa shi ne mutumin da ya rantse wa Lurwanu cewa injin zai kai jikoki!

Suka wuce wurin Ɗan'azumi, Alƙali ya yi masa tambaya irin ta ɗazu a kan Mai Raƙumi. Shi ma ɗan kasuwa ne, sai ya taɓe baki. "Na hannu ai sai a hankali, Baba, kasuwa ba ciniki. Zan dai taimaka maka in ba da rabin kuɗinsa."

Alƙali ya ce, "Albarka," ya juya abinsa.

Ba su yi taku goma ba sai ga Ɗan'azumi a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. "Baba, tsaya mana! Na ƙara! Ina ne gidan, in zo da mota yau ɗin nan? Ina da mutum huɗu da ke jiran na hannu. Ko bel ɗin ya cinye kada ka damu, ga mai gyara nan bayan masallaci, yanzu zai sauya shi."

Gwaggo ta kasa daurewa, ta tafa hannu ta ce, "Allahu Akbar! Yaya, na gane, wallahi na gane!"

Alƙali ya yafito 'ya'yan, suka matso, Lurwanu yana sosa ƙeya. Alƙali ya ce musu, "Da kuka zo saye, masu shagon nan dukansu biyu yabon kayansu suka yi. Da muka zo sayarwa, dukansu biyu kushewa suka yi. Sai dai ɗaya ya kushe ya kore mu, ɗaya ya kushe ya biyo mu da takalmi ɗaya. Na yanke: a sayi Mai Raƙumi." Sannan ya dubi Ɗan'azumi da ya saki baki, ya ce, "Ban yi maka ƙarya ba, malam. Bayan wata uku zan kawo maka shi, kuma ka tuna a gaban shaidu ka ce ka ƙara."

Kasuwa ta ɗauki dariya, har shi Ɗan'azumin ya dara, ya ce yau ya gamu da gamonsa.

Da la'asar aka kafa injin a ɗakin Gwaggo. Ranar farko minti biyar ta yi tana haki, ta ƙanƙame ƙarfen riƙo tana cewa, "Hambali, kashe shi, zai kai ni Daura!" Bayan wata guda tana cika rabin awa da carbi a hannu, in maƙwabta sun shigo gaisuwa ta amsa musu tana tafe, ba mai iya tsayar da ita. Wuta ta yi ta wasanta na kullum, Mai Raƙumi ko gezau.

Da lokaci ya yi ta tashi. Wata safiya wayar Alƙali ta yi ƙara, ya ɗauka, sai ya ji muryar ƙanwarsa tana kuka tana dariya lokaci guda. "Yaya, na gama! Bakwai ɗawafi, bakwai Safa da Marwa. Masu keke sun yi ta bi na, na ce su kai kasuwa gaba. Da ƙafata, Yaya, da ƙafata!"

Tsohon alƙalin da ba a taɓa ganin hawayensa a kotu ba ya share ido da hannun riga, ya ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya Lantana."

Tun daga ranar, duk wanda ya zo masa neman shawarar saye, abu ɗaya yake faɗa masa: in kana son sanin gaskiyar kaya, kada ka tambayi mai shi nawa zai sayar maka, tambaye shi nawa zai saya in ka dawo masa da shi.