Hannun Baba Salifou a Cikin Dilar Taba

Akwai wani dattijo a garin Greensboro na ƙasar Amurka mai suna Baba Salifou, mutumin Maradi. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba, amma a cikinta ya tashi. Mahaifinsa manominta ne a bakin gulbi. Har yau idan ya rufe ido yana ganin ganye rataye a rumfa, da mahaifin nasa yana fita da sassafe ya murza ɗaya ya ji ko raɓa ta sa ya yi laushi.

Shekara goma sha tara ya yi yana aiki da wani ƙaramin kamfani mai sayar da sigari mai kauri, irin wanda ake naɗewa da hannu daga ganye zalla. Kamfanin ba shi da gona, ba shi da masana'anta. Suna kawai gare shi. Yana sayen ganye daga manoma, ya tura wa wasu masu naɗi a Nicaragua, su naɗe su liƙa tambarinsa. Aikin Baba Salifou shi ne duba ganyen kafin a loda.

A da, daga hanyar Pleasant Garden kana jin ƙamshin rumbunan busar da taba. Yanzu yawancinsu sun rushe, tsofaffin manoman da ke ba shi shayi mai ƙanƙara sun kwanta dama. Yakan rage gudu idan ya zo wucewa.

Sai mai kamfanin ta ɗauki sabon manaja, Ousseini, wanda ya gama digiri na biyu. Ya zo sanye da kwat, riƙe da na'urar auna danshi. Ranar da za a loda dila arba'in ta ganyen taba, ya bi su yana soka na'urar a gefe-gefe, ya ce duk sun yi.

Baba Salifou ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin wata dila har gwiwar hannu.

"Ɗana, cikinta da ɗumi. Ganyen bai gama zufa ba. A ba shi kwana goma."

Ousseini ya yi dariya. "Haba Baba, nan ba Maradi ba ce fa. Na'ura ta ce lafiya, kai kuma hannunka ya ce zazzaɓi?"

"Na'urarka fatar dilar kawai ta taɓa. Mako biyar a kwantena bisa ruwa, funfuna za ta cinye shi."

"To likita, mun ji. Sa hannu a takarda, mota na jira."

"Ba zan sa ba."

Ousseini ya sa nasa hannun, aka loda. Ya kuma gaya wa mai kamfanin cewa tsohon yana jawo musu jinkiri. Aka ce Baba Salifou ya zauna a gida har a neme shi. Ya san ma'anar wannan magana. Mutum mai shekara sittin da uku, wa zai ɗauke shi sabon aiki?

Matarsa Aïchatou ta ce, "Malam, ka je ka yi wa matar nan bayani mana!"

Ya ce, "Na faɗa sau ɗaya, kuma an ji. Sauran na ganyen ne."

Ya koma shuka kuɓewa a bayan gida.

Bayan mako shida, shugaban masu naɗin ya kira daga Nicaragua. Dila ashirin da bakwai sun yi funfuna daga ciki, ma'aikatansa na zaune babu abin naɗewa. Ya ce shekara da shekaru bai taɓa buɗe ruɓaɓɓen kaya daga Greensboro ba. Sai ya tambaya, "Mutumin da ke duba muku ganye, ya rasu ne?"

Washegari mai kamfanin ta zo gidan da kanta, Ousseini na bayanta kansa a ƙasa. Ta roƙi Baba Salifou ya dawo, ta ce shi kuwa manaja yau zai tattara kayansa.

Dattijon ya kakkaɓe ƙasar hannunsa.

"Madam, in kin kore shi, wani za ki kawo da sabuwar na'ura, mu sake daga farko. Wannan ya riga ya ji a jikinsa. Ki bar min shi."

Ya dubi Ousseini. "Litinin ƙarfe bakwai. Kuma ka bar kwat ɗin nan a gida."

Darasi: Ilimin takarda alheri ne, amma kada ya sa ka raina wanda ya tsufa a kan aiki. Idan kuma gaskiya ta fito a gefenka, ka ɗaga wanda ya faɗi, kada ka taka shi. Ku tura wa 'yan uwa, musamman matasanmu da suka fara riƙe muƙamai.